Kafasitar da Kawu Ya Soke

Mai walda na maƙwabta ya sake tayar da tartsatsi, sai fitilar injin ƙyanƙyasa ta ƙifta, lambobin zafi suka koma sifili. Injiniya tana durƙushe gaban injin a gonar kajin da ta saye shi. Karo na huɗu ke nan a kan idonta. Da an taɓa walda, hayaniyar wutar sai ta biyo waya ta daki 'yar ƙafar ƙarfen da ke tayar da ƙwaƙwalwar injin daga farko, ƙwaƙwalwar kuwa ta manta komai, har da kunna hitar da ke ɗumama ƙwan. Kwana goma sha tara ana wannan ta'asa. Ƙwai dubu uku sun ruɓe, ɗakin sai wari.

Abin haushi, ta san maganin. A zanenta na farko ta sa wata 'yar kafasita, ba ta kai ƙwayar shinkafa ba, a gindin ƙafar nan don ta shanye hayaniya. Kawunta, mai kamfanin da ya ƙera injin, shi ya soke ta da jan biro, wai a ofis injin lafiya lau yake aiki, kuma shi yana haɗa allon lantarki tun ba a haife ta ba.

Mai gonar ya toshe hanci da hula. “Ni dai a faɗa min, wa ya zana wannan shirmen?”

“Ga ta nan, ranka ya daɗe,” in ji Kawu, ko kunya babu. “'Yar ƙanwata ce, taimako na yi. Digiri har biyu, amma kanta fanko.”

“Kawu, ai kafasitar nan...”

“Rufe min baki! Ba ki ga manya na magana ba?”

Ma'aikatan gonar suka kwashe da dariya. Ta sunkuyar da kai tana tattara wayoyinta, baƙin ciki kamar ya kashe ta.

A mota Kawu ya saki fuska, har da miƙa mata ruwa.

“Gobe ki zo da wuri, 'yata. Alluna arba'in suka rage, ki mayar musu da 'yar abar nan taki, hannunki ya fi na kowa tsafta. In kin gama ki bar makullin ofis a tebur. Mai gonar nan ya rantse ba zai ƙara sayen kayanmu ba muddin kina nan.”

“Kawu, kai fa ka soke ta.”

“Na sani mana. To ni zan kori kaina?” Ya taka birki a bakin layinsu. “Sauka. Ki gaida mamanki.”