Shafin Waɗanda Suka Kafa Ƙungiya

Auta ta haɗa wa kanti shafin intanet, ta haɗa wa makaranta, ta haɗa wa asibiti, amma ba wanda ya ci mata rai kamar na ƙungiyar teloli. Kanti wurin yin oda yake so, makaranta wurin duba sakamako, asibiti wurin kama layin ganin likita. Su teloli ta tsara musu rajistar mambobi, da sanarwar taro, da shafin tarihi. Wannan na ƙarshen shi ne a ranta, don Babanta na cikin mutum bakwai da suka kafa ƙungiyar, a shagonsa ma aka yi, tun kafin ɗinki ya cinye masa ido.

A ofis, ƙarƙashin wata fanka mai ƙara, Ciyaman ya miƙo mata sunayen. Bakwai cif, amma babu Baba. A gurbinsa sai ga sunan Ciyaman.

"Ranka ya daɗe, an yi mantuwa."

"Ba mantuwa ba ce, 'yata. Naki haɗawa, abin da za a zuba ciki namu ne."

Ji mutum! Shi da a lokacin guga yake yi a shagon Baba. Auta ta haɗiye takaicinta, ta je ta cire sunansa ta mayar da na Baba, ta ce in ya isa ya zo ya same ta.

Ina! Bai ko nemi inda take ba. Ai ita ce da bakinta ta nace a ba ƙungiya damar gyara shafinta da kanta, don haka take yi wa kowa, har alfahari take da shi. Kwana biyu ta zauna da sakatare tana nuna masa inda ake gogewa da inda ake rubutawa. Kafin mako ya zagayo sakataren ya nuna mata ya koya: ya goge sunan Baba ya mayar da na Ciyaman, har lambar sirri ya sauya.

Ranar da aka buɗe shafin, ta tarar da Baba a falo ya sa sabuwar riga, kai ka ce taro za shi.

"Auta, karanto min mutanena in ji."

Ta buɗe waya. Ta karanto bakwai ɗin yadda suke, sannan ta ɗora sunan Baba a ƙarshe, da ƙarfi, kamar yana rubuce.

Baba yana ta lanƙwasa yatsu. Da ya kai na takwas sai ya tsaya.

"Mu bakwai ne, Auta. Ko Ciyaman ba zai yi gangancin rubuta takwas ba, kowa ya san mu bakwai ne." Ya shiga laluben maɓallin rigar. "Taya ni cirewa, zafi gare ta."