Gleb Ya Yi Babban Abokin Ango

A kan uku suka tsaya. Gleb ya ce idan 'yan biki suka fara ihun ɗaci, wato ango ya sumbaci amarya, ana ƙirga uku a saki juna. Arkadi ya ce ya ji. Rimma kuwa dariya ta yi, ta ce ita ɗaya ma ta ishe ta, ba marmarin bakin namiji take yi ba.

Shekara tara Gleb da Arkadi suna zaman masoya a hawa na biyar na wani tsohon bene a birnin Tambov. A wurin maƙwabta Gleb ɗan haya ne, makanikin bas da aka ba ɗaki. Kwatsam wani uba ya kai takarda makarantar da Arkadi ke koyar da labarin ƙasa, wai malami ya kai arba'in ba mata, ga ƙato a gida, a bincika. Tun da aka tsananta doka kan masu son jinsinsu, zargi kaɗai yana raba mutum da aji, in kuwa sunanka ya fita, akwai samarin da za su jira ka a gindin bene. Shugabar makaranta ta kira Arkadi, ta ce ba ta tambaye shi komai ba, amma ya gyara. Gleb da bakinsa ya kawo sunan Rimma, mai aiki a kantin magani, wadda ita ma take ɓoye tata masoyiyar. Auren takarda ne, ta zauna gidanta, su zauna nasu.

Ranar biki da rana tsaka aka cika wani gidan abinci a bakin kogi. Aka rataya wa Gleb jan ƙyallen shaida, aka zaunar da shi dama da ango. Ga shugabar makaranta can da sabon gyaran gashi, don ita aka yi taron ai.

Tun da aka kawo kifi abin ya fara cin Gleb. Rimma ta jawo farantin Arkadi ta tsince masa albasa tsaf, ko kallon farantin ba ta yi. Wa ya gaya mata ba ya cin albasa? Sai ta kama gyara masa wuyan riga, rigar da Gleb ya goge da hannunsa da safe. Ya san wasa ne, shi ma ya tsara shi, amma duk da haka kishi ya kama shi.

Kawun ango, Foma, ya miƙe da kofin giyar votka, ya gode wa Allah da ya fitar da zuri'arsu kunya, ya ce da ma irin mazan nan masu neman maza a tattara su a jirgi ɗaya ya fi. Aka kwashe da dariya. Arkadi ma ya yi, har da buga tebur. Gleb ya ɗaga kofinsa tare da kowa.

Foma ya kurɓa, ya yamutsa fuska. "Da ɗaci!" Ɗaki ya ɗauka, ana buga ƙafa sai ango ya sumbaci amarya abin sha ya yi zaƙi. Mai gabatarwa ya cusa wa Gleb makirfo, ya ce babban aboki shi zai ƙirga, kowace lamba shekara guda ce ta zaman aure.

Ya ce ɗaya, biyu, uku, ya tsaya. Ba su saki juna ba. Ya waiga, idon shugabar makaranta na kansa, ba a kan amarya ba. Ya ce huɗu. A takwas Arkadi ya lumshe ido. A goma sha biyu hannunsa ya hau ƙeyar Rimma, kai, irin riƙon da Gleb ya ɗauka nasa ne shi kaɗai. Sai a sha bakwai suka rabu, fuska ja wur, ana tafi.

Arkadi ya zauna ya raɗa wa Gleb cewa shugabar na kallo, ya zai yi? Maganar na cike da bakin Gleb, kalma biyu a makirfo sun isa kowa ya san na wa ne angon, sun kuma isa a kore shi daga aiki kafin Litinin.

Yana wannan saƙe-saƙen sai ga uwar ango, Zinaida, tana share hawaye, riƙe da hannun shugabar makaranta. Ta sumbaci Gleb a kumatu, ta ce tsakani da Allah ya riƙe mata ɗa, miya da wanki bai taɓa gazawa ba.

"To ɗan nan, yanzu ya samu mai kula da shi. Ba amarya makullin gidan, ka ji? Na yi magana da Foma, ya ce ka kwana wurinsa kafin ka samu ɗaki."

Gleb ya dubi Arkadi, yana jiran ya ce Mama bari, ba gaggawa. Rimma ta saci kallon shugabar. Arkadi na kallon farantinsa.

"Ba ta mana, Gleb," in ji shi a hankali. "Mama ta yi gaskiya."

Zoben makullin ya yi tauri, sai da farcensa ya tsage kafin ya zare. Ya sa wa Rimma a tafin hannu, ya ce ƙofar tana cijewa, sai ta ɗan ɗaga ta sama kafin ta murɗa.