Likkafani a Kan Dawa

Tsuntsayen sun riga sun sauka a kan dawar kafin Hajaratu ta ƙetara ɓarakar katangar da ke tsakanin gidanta da na Baba Salih. Ta cire takalminta ta buga a jikin durom ɗin ruwa, suka tashi gaba ɗaya kamar hayaƙi, suka koma kan bagaruwar bayan gida suna jira. Sai a lokacin ta juya ta dubi tsohon. Yana kwance a ƙarƙashin rumfa, a kan gadon igiyar da ake kira angarib, zaren da ya jera wa gwangwanaye yana naɗe a yatsunsa. Ta ga lokacin da ya ja shi, amma ko gwangwani ɗaya bai motsa ba.

"Hannun ya ƙi, 'yar Mahadi," ya ce, yana kiranta da sunan ubanta. "Tun da rana ta fito nake lallashinsa."

Ta karɓi zaren ta girgiza, gwangwanayen suka yi ƙara a tsakiyar dawar. Ta ce masa ya bari, ita za ta riƙa leƙowa. Ya ce mai jikoki uku da tukunya a kan wuta ba ta gadin tsuntsu. Gaskiya ya faɗa, kuma ta sani.

Unguwarsu tana gefen garin Jabal Awliya a ƙasar Sudan, inda gidaje suke ƙarewa, kogi ya fara. Da yaƙi ya lafa mutane suka soma dawowa, abin da suka tarar ɗakuna ne ba ƙofa ba taga. An kwashe katifa, an kwashe labule, har igiyar shanya. Gidaje da yawa masu su ba su dawo ba, sai namun daji suka gaje su. Zomaye suna haihuwa a ɗakunan girki, birai suna tahowa daga kurmin bakin ruwa suna yawo a kan katanga kamar masu neman haya. Baba Salih, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana ƙwadago a gonakin Jazira, ya san maganin kowannensu. Ya kewaye ɗan lambunsa da ƙayar bagaruwa saboda biri. Ya haƙa rami ya binne tsohon kwano a gindin shingen saboda zomo mai tono. Abu ɗaya ne ya gagare shi, tsuntsun jan-baki, wanda yaran unguwa suke kira zarzur, domin shi ta sama yake zuwa.

Lambun ba wani babba ba ne. Akwai kuɓewa, akwai yakuwa, sannan layuka kaɗan na dawa, kuma dawar ce maganar. Kaura ce, mai ƙwaya ruwan ƙwai, wadda ba a samun irinta a kasuwar Sudan. Kakan Baba Salih ne ya fito da ita daga ƙasar Haɗeja a cikin ɗan burgami, ya nufi Makka da ƙafa. Guzuri ya ƙare masa a Jazira, ya tsaya noma don ya ƙarasa baɗi, baɗin kuwa bai zo ba. Tun daga nan gidansu ba a taɓa tsallake damina ba a shuka ta ba, ko da a gefen gonar wani ne. Da suka yi gudun hijira, tafin hannu ɗaya na iri Baba Salih ya tsira da shi, kuma duk ya zuba shi a ƙasa bana. Babu sauran ƙwaya a ajiye. Idan tsuntsu ya cinye waɗannan kawunan kafin su ƙosa, kaurar ta ƙare ke nan, ta ƙare har abada.

Yanzu kuwa ƙwayar tana ruwa-ruwa, idan aka matsa da farce sai farin ruwa ya fito. A wannan lokacin ne tsuntsu ya fi son ta.

Hajaratu ta yi tata dabarar, ta kuma yi kuskure. Ranar da tsohon ya wuni yana zazzaɓi bai san inda yake ba, ta tara ledoji ta rufe kawunan layi ɗaya ta ɗaure tam. Da ya farfaɗo ya gani, ya sa ta kwance ɗaya ta kawo masa. Gumi ya taru a ciki, fumfuna ta fara cin ƙwayar. Bai yi mata faɗa ba. Ya ce dawa tana numfashi kamar mutum, mayafi take so, ba leda ba. Ta ce to za ta yanka gidan sauron yaranta. Ya ce idan ta taɓa shi, kada ta sake ƙetaro masa katanga, ga zazzaɓi yana ɗaukar yara a unguwa kullum.

Aka rasa tsumma. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya ga gidajen a lokacin. Kowa da abin da ke jikinsa da wanda ke kan igiya.

A wannan safiyar da hannunsa ya ƙi, ya daɗe yana kallon bagaruwar, sannan ya ce ta shiga ɗaki ta ɗauko masa ƙullin da ke rataye a jikin ƙusa. Ta san ƙullin, duk unguwa an san shi. Likkafaninsa ne, farin yadin auduga, wanda wani ɗan'uwansa ya tafi da shi aikin hajji ya tsoma a ruwan Zamzam ya dawo masa da shi. Kakansa bai kai Makka ba, ubansa bai kai ba, shi ma bai kai ba, yadin ne kaɗai ya je ya dawo. Ranar gudu ya bar rediyo, ya bar butar shayi, ya ɗaura ƙullin a ciki.

"Kawo almakashi," ya ce.

Ta tsaya da ƙullin a hannu. Ta ce masa ya ji tsoron Allah, wannan tufar tafiyarsa ce.

"Ni ƙasa za ta rufe ni, ko da shi ko babu. Su kuma wa zai rufe su?" Ya numfasa. "Ki yanka da faɗin taƙi biyu. Kada ki matse ɗaurin."

Ta ce a bari a sanar da Muzammil tukuna. Muzammil shi ne ɗansa da ya rage, yana tuƙa raksha, keke mai ƙafa uku, a Omdurman, yana zaune da iyalinsa can a unguwar Dar Salam. Tsohon ya ce Muzammil yaron kirki ne, amma bai san bambancin kaura da ciyawa ba, kuma kafin ya ƙetaro gari tsuntsu ya gama. Ya sa ta yi masa alkawari: kada a kwance mayafi ko ɗaya sai ƙwaya ta yi tauri ta ƙi farce, ko yana nan ko ba ya nan. Idan ta ƙosa, ta raba iri kashi biyu, ɗaya nata, ɗaya na 'ya'yan Muzammil, ko ubansu ya so ko ya ƙi.

Ta zauna a bakin rumfa ta yanka. Yadin yana da ƙanshin ajiya da na sandal.  Ta bi kawunan ɗaya bayan ɗaya tana lulluɓewa tana ɗaurewa da zaren buhu, shi kuma yana gyara mata daga kwance: wancan ya yi sako-sako, wancan ta bar masa gindi a buɗe. Da ta gama ya yi murmushi, ya ce ga shi ya tara almajiran tariƙa a gidansa, kowa da farin rawani, saura mai buga ganga.

Daga ranar bai ƙara tambayar lambun ba. Kamar wanda ya sauke kaya, jikinsa ya saki. Kunun da take kawo masa sai ya kurɓa sau ɗaya ya kau da kai. Ta kira Muzammil a waya ta ce ya zo. Ya ce Jumma'a, in sha Allah, aiki ya yi yawa, ta sa masa wayar a kunne su gaisa. 'Ya'yan yanzu suna ganin idan murya ta isa, ƙafa ta huta. Ta ce masa ba gaisuwa ta kira shi ya yi ba, ya taso. Ya zo washegari da lemo da maganin asibiti, ya zauna a gefen angarib yana yi wa uban fira da Larabci, uban yana amsawa da Hausa. Ya ga fararen ƙulle-ƙulle a lambu, ya ɗauka tsummokara ne, bai tambaya ba. Hajaratu ta so ta faɗa masa, ta duba fuskar tsohon, ta fasa.

Da hantsi Baba Salih ya cika, rana ta biyu da zuwan ɗansa. Muzammil yana riƙe da kansa, Hajaratu tana ɗiga masa ruwa a leɓe da cokali, yana bin kalmar shahada har muryar ta ɗauke.

Kafin azahar gidan ya cika gwargwadon mutanen da suka rage a unguwar. Mata suka shimfiɗa tabarmi a gidan Hajaratu, maza suka tsaya a ƙofa, duk wanda ya iso ya ɗaga hannu a yi Fatiha. Malam Hamid, limamin masallacinsu, shi da wasu dattawa biyu suka yi wanka. Da suka gama aka ce a kawo likkafani. Muzammil ya shiga ɗaki, ya fito hannu wofi. Ya sake shiga ya ɗaga tabarma, ya zazzage buhu. Hajaratu tana jin motsinsa daga bakin katanga. Ta gyara mayafinta, ta ƙetaro cikin maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta nuna masa lambun.

Ya daɗe yana kallo kafin ya gane. Fuskarsa ta canza.

"Ya hala," ya ce mata da Larabci, wato inna, "ke kika yanka?"

"Ni na yanka. Shi ya sa ni."

"Na Zamzam ɗin? Saboda dawa?"  Ya ce tun yana yaro yake jin ubansa yana cewa a cikin wannan yadin za a sa shi. Ya ce bai yi masa komai ba a duniya, bai kai shi Makka ba, bai gina masa ɗaki ba, wannan ɗaya da ya rage ba zai bari a binne shi babu shi ba. A kwance su duka, mata su haɗa su da allura, ba zai ɗauki lokaci ba.

Ya nufi ƙofar shingen. Hajaratu ta riga shi, ta tsaya a bakinta, ƙaya tana kama mata gefen zane. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ƙwayar ba ta ƙosa ba, kuma kowa zai tafi maƙabarta, kafin a dawo ba za a tarar da komai ba sai kara. Ta ce ta yi wa mamaci alkawari, ba ta da wanda za ta koma wa ya warware mata.

"Ubana ne," ya ce.

"Ubanka ne. Dawar ma ta ubanka ce, da ubansa, da nasa uban. Idan ka ture ni ka shiga, ba ni da ƙarfin hana ka."

 Wasu daga cikin mazan suna ganin ta yi rashin kunya, ya nuna a fuskarsu. A kan bagaruwa tsuntsayen suna ta hayaniyarsu.

Malam Hamid ne ya fito daga rumfa yana goge hannu. Ya ce wa Muzammil abin da shari'a ta nema farin ƙyalle ne mai tsarki wanda zai rufe jiki, kuma wasiyyar da ba ta saɓa wa Allah ba ana cika ta. Bai ƙara a kan haka ba. Ya kai hannu kansa ya fara warware rawaninsa, dogon farin rawanin nan na mutanen Sudan, yana naɗe shi a damtse har ya ƙare, ya rage daga shi sai hula. Dattijon da ke kusa da shi ya dube shi, shi ma ya warware nasa. Na ukun ya bi su, aka haɗa rawunan uku a madadin likkafani.

Muzammil ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya dubi Hajaratu, ya yi magana da Hausa, a hankali, kamar mai taka ƙasa da ciwon ƙafa.

"Ɗaya kawai. In sa masa a fuska."

 Alkawarin bai bar ko ɗaya ba. Ta dubi yaron, ta ga ba shi da wani abin da zai kai wa ubansa. Ta juya ta shiga lambun da kanta, ta wuce manyan kawunan, ta zaɓi wani ƙarami a ƙarshen layi, ta kwance zaren. Ta karkaɗe ƙyallen, furen dawa ya zuba, ta ninke shi ta miƙa masa da hannu biyu.

Aka ɗauki Baba Salih a kan angarib ɗinsa, kamar yadda ake yi, aka fita da shi ta ƙofar da ba ta da ƙyaure. Dattawa uku suna gaba da hula kawai, rana tana dukan wuyansu. Mata suka koma gidan Hajaratu, aka ɗora ruwan shayi.

Ita ba ta bi su ba tukuna. Ta tsaya a bakin shingen, gidan ya yi tsit, ƙarƙashin rumfar babu komai sai sawun ƙafafun gado huɗu a ƙasa. Tsuntsu ɗaya ya sauko daga bagaruwa, ya sauka a kan wani farin ƙulli, ya tsattsaga, bai samu komai ba, ya yi tsalle zuwa na gaba. Daga nan ya ga buɗaɗɗen kan da ke ƙarshen layi. Wasu suka biyo shi, har karan ya lanƙwasa saboda nauyinsu. Hajaratu ta ɗaga hannu za ta kore su, sai ta sauke shi, ta tsaya tana kallo suna ci.