Igiyar Baba Sajo

Sanda ta uku ce ta kai Baba Sajo ƙasa, amma bai saki igiyar ba.

Zailani mai faci ya kutsa cikin taron kara, inda ake cinikin shanu ranar kasuwar Gwarzo, yana ihu. "Ku tsaya! Maƙwabcina ne! Wallahi ba ɓarawo ba ne!"

"Ko ubanka ne!" in ji wani ƙato, ya bangaje shi.

Duk unguwarsu an san lalurar tsohon. Tun shekarar da taki ya gagari talaka, shi ma ya sayar da shanun huɗarsa biyu, wani abu ke zuwar masa da rana tsaka. Idonsa biyu, yana tafe har yana amsa gaisuwa, amma shi a gonarsa ta Kutama yake, a bayan garma. Duk igiyar da ya tarar, ta guga ko ta shanya, sai ya kama yana kiran sansa, "Goshi, mu je!" Ba a yi masa tsawa, ba a fizgewa. Sai dai a matso a ce, "Baba, kawo in shayar da su." Ya miƙa, ya sauke numfashi, ya dawo hayyacinsa.

Da safen nan ya wuce ta gaban rumfar Zailani da wannan idon mai kallon nesa. Zailani ya gani sarai, ya ce bari ya gama facin da ke hannunsa tukuna.

A kara kuwa ba wanda ya san komai. Sun dai ga tsoho ya kwance bijimin wani dillali ya kama hanya.

"A kai shi gaban alƙali mana, ai Shari'a ta zo!" wani dattijo ke roƙo.

"Watan jiya shanuna uku aka kora, wane alƙali ya dawo min da su?"

"A kawo fetur!"

"Fetur a tsadar nan? Ga duwatsu kyauta!"

Dutse ya fasa goshin Baba Sajo, jini ya wanke masa gemu. Zailani ya faɗa kansa ya rufe shi da jikinsa. Gora ta sauka a kunnensa, duniya ta yi tsit. Bakuna yake gani suna buɗewa ba sauti, ƙafafu na tashi a hankali kamar a cikin ruwa, har ya rasa ko shi ma mafarkin yake.

Sai da wani mahauci ya leƙo ya ce, "Innalillahi, ai Sajo ne na Kutama!" sannan sanduna suka fara zubewa. Kowa ya sulale.

Tsohon ya buɗe ido ɗaya, ɗayan ya kumbura. Murmushi yake.

"Zailani, ƙasar ta yi laushi yau. Ka ga yadda Goshi ke ja?"

"Na gani, Baba." Zailani ya tallafo kan tsohon. Ya laƙanta masa kalmar shahada, tsohon ya bi shi a hankali har ƙarshe, sannan rai ya yi halinsa.

Dillalin ya matso, kansa a ƙasa. Ya ja igiyar, ta ƙi fita daga hannun.

"Bari," in ji Zailani. Ya sunkuya daidai kunnen tsohon. "Baba, kawo in shayar da su."

Yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya.

Bijimin ya juya ya tafi shi kaɗai, igiyar na jan ƙasa a bayansa, tana barin siririn layi a cikin turɓaya.