Kafireton Malam Fatihu

Malam Fatihu ya sha yawon kasuwar Ƙofar Ruwa kafin ya samo allurar kafireton tsohon babur ɗin mahaifinsa, ƙaton nan da marigayin ke zuwa Damagaram da shi. Kafireton, wanda duk Kano babu irinsa, ya baro shi gida a kwankwance yana shan iska bayan rumbu.

Ya dawo Tsanyawa ya tarar da wajen wayam.

"Tahira, ina ƙarafan da na shanya?"

"Mai gwangwan ya zo, Malam," in ji matar tasa. "Na ɗauka yarwa ka yi. Har roba ya ba ni."

Bayan magariba ta kawo masa tuwo a sabuwar robar. Ya daɗe yana kallon robar.

"Ɗauke babur ɗin ubana daga gabana."