Manhajar da Dogo Kaɗai Ya Sani

Ofishin Dogo ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon tayoyi. Tebur biyu ne a ciki, da fanka mai ƙara, da farin allo da tawada ta kama har ba ya goguwa. Sana'arsa gina wa ƙananan kamfanoni manhajojin intanet. Ma'aikaciyarsa ɗaya ce, ƙanwarsa Auta, wadda shi ya koya mata rubuta kod, wato umarnin da manhaja ke bi, tun tana makaranta.

Dogo ba ya aiki da firemwok. Shi firemwok tsari ne da masu rubuta manhaja da yawa suka taru suka gina, suka sake shi kyauta. Ƙofar shiga da kalmar sirri, ajiyar bayanai, kariya daga ɓarayin intanet, duk an riga an yi, kai dai ka ɗora naka aikin a kai. Kusan kowa a sana'ar ya koma can, amma Dogo ya ce kayan haya ne. Tun yana saurayi ya rubuta nasa tsarin, yana ta yi masa ƙari da faci, har ya kai babu mai gane kansa sai shi.

"Yaya, wannan abin naka kamar ɗakinka yake," in ji Auta. "Komai akwai, amma sai kai ka san inda ka jefa shi."

"Ai shi ya sa ɓarawo ma ba zai gane ba," ya ce.

Babbar mai ba su aiki wata mata ce mai makarantar koyon tuƙi. A bayan idonta suna kiranta Madam Birki, saboda yadda take taka wa mutum magana tun bai kai rabi ba. Ta manhajar Dogo ɗalibanta suke zaɓar lokacin darasi da mota da malami.

Wata ranar aiki ciwon ciki ya murɗe Dogo a kan kujera, aka kwashe shi zuwa asibiti, aka yi masa tiyata. Yana kwance manhajar ta rikice, ta fara ba ɗalibai biyu mota ɗaya a lokaci ɗaya. Auta ta shiga kod ɗin tana lalube. In ta bi wannan hanya sai ta kai ta wata, wasu wuraren kuma sunan da ya sa musu "sabo" ne, da "sabo na gaske", da "kar a taɓa". Ta nemi taimako a intanet, babu wanda ya taɓa ganin irinsa. A filin makarantar kuwa ɗalibai suna ta cacar baki a bakin ƙofar mota.

Madam Birki ta zo duba shi da ledar lemo. Ta yi masa sannu, ta tambayi jiki, ta ja kujera.

"Injiniya, in ka mutu fa?"

Matar Dogo, da ke zuba masa ruwa a kofi, ta tsaya cak.

"Ba fata nake yi ba, Allah ya ja kwana," in ji Madam. "Amma motocina kowane bakanike ya buɗe ya san abin da yake gani. Wannan naka na kai wa mutum uku, kowa ya duba sai ya tambaye ni da wane firemwok aka yi. Na ce da Dogo aka yi."

"Madam, ai ingancin..."

"Ban ce ba shi da inganci ba. Cewa na yi kai ɗaya ne."

Daga kan gadon ya kira Auta a waya ya gaya mata inda matsalar take, ta gyara kafin Madam ta gama ɓare lemonta. Wannan bai canza komai ba. Madam ta ce ko a sake gina manhajar a kan abin da jama'a suka sani, ko ta nemi wasu.

Da ya koma aiki, Auta ta riga ta zaɓi firemwok ɗin da ya fi yawan masu amfani da shi, ta fara ginin. Dogo bai hana ta ba, bai kuma sa hannu ba. Yana zaune da matashi a ciki saboda ɗinki, yana leƙen allon kwamfutarta ta gefen ido. Ƙofar shiga da ta taɓa cinye masa wata guda, ita kafin la'asar ta tsayar da tata. In ta maƙale sai ta rubuta tambayar a intanet, ta tarar wani a wata ƙasa ya riga ya maƙale a wurin, an kuma ba shi amsa.

"Kin san abin da ke ƙarƙashinsa kuwa?" ya tambaye ta.

"Ban sani ba duka."

"To kin gani."

"Yaya, naka ma ai ban sani ba. Wannan dai akwai wanda zan tambaya in kana asibiti."

Sai ya sauko da kod ɗin firemwok ɗin gaba ɗaya ya fara karantawa, da niyyar ya kama waɗanda suka gina shi da laifi. Ya yi makonni a kai. Wani wurin ya yi tsaki, wani wurin ya daɗe yana kallo, don ya ga matsalar da ya sha fama da ita an warware ta a layi kaɗan. Daga ƙarshe ya samu abin da yake nema, wani ƙaramin kuskure wajen lissafin kwanan wata in darasi ya tsallaka zuwa sabuwar shekara. Ya kira Auta ya nuna mata, fuskarsa fal murna.

"To ka tura musu gyaran mana," ta ce.

"Ni zan yi musu aiki kyauta?"

"Su ma kyauta suka yi mana."

Ya tura. Wata mata cikin masu kula da firemwok ɗin, da bai san ko a ina take ba, ta duba, ta ce ya sake sunan abu ɗaya, ya ƙara gwaji. Ya ji haushi, amma ya yi. Aka karɓa da godiya ta layi guda. Auta ta ce yanzu rubutunsa yana aiki a shafukan intanet masu yawan da tsohon tsarinsa bai taɓa mafarkin kaiwa ba. Ya ce ta daina surutu ta gama aikin mutane.

Sabuwar manhajar ta tashi lafiya. Madam Birki ta yaba, ta ce haka take so. Bayan 'yan watanni ta kira ta ce ɗan yayarta ya gama karatu, ya iya wannan firemwok ɗin, shi zai ci gaba da kula da manhajar daga ofishinta. Ta gode musu ƙwarai, ta kashe waya kafin Dogo ya amsa.

Auta ta kifa kai a tebur. "Ni na jawo mana. Da mun bar shi yadda yake, da ba inda za ta."

"Da ta tafi tun ina kwance," ya ce. Ya tashi ya rage ƙarfin fanka.

Aiki ya ja baya na ɗan lokaci. Sannan wani mai ɗakin gwajin jini ya hau benen, yana haki, da kwamfuta a hammata. Wanda ya gina masa manhaja ya sami aiki a wani gari, ya daina ɗaukar waya, sakamakon marasa lafiya kuma ya ƙi fita. Ya ce an gaya masa nan suna aiki da irin tsarin da aka yi tasa da shi.

Dogo ya buɗe. Bai taɓa ganin wanda ya rubuta ta ba, amma manyan fayilolin suna inda ya zata, da sunayen da ya zata. Ya gangara kai tsaye zuwa wurin da ake fitar da sakamako.

"Za ta gyaru?" mutumin ya tambaya.

"Za ta gyaru. Auta, ba shi kujera, ki zo ki ga abin da wannan bawan Allah ya yi a nan."