Tsohuwar Igiyar Keken Baba

Ni dai tun farko ban ɗauki waƙar Auta a bakin komai ba, kuma har yau ban ga laifina ba. Yarinyar da na goya, na share wa majina, ita ce za a ce min mawaƙiya? A shagon ɗinkin Baba ta tashi, kamar yadda na tashi kafin in yi aure in bar mata bencin. Aikinta sa maɓalli, kalmasa da guga. Baba yana kan keke, ita tana zaune a gefensa na dama, kai a sunkuye, baki na motsi tun safe har a rufe shago.

Keken nan na takawa ne, baƙi, ya girme ni. Igiyarsa ta fata ta taɓa tsinkewa tun muna yara, Baba ya haɗa bakinta da 'yar waya ya ci gaba da aikinsa. Tun daga nan duk zagayen da igiyar ta yi, in mahaɗin ya zo wucewa, sai ka ji ƙas. Taka-taka-taka-ƙas, taka-taka-taka-ƙas. Mu 'yan gida mun daina jinta ma, sai baƙo ne ke tambaya ko keken lafiya.

Kunnen Baba na dama ya daɗe da tafiya. Ranar da na raka shi asibiti likita ya duba na hagun, ya ja ni gefe ya ce shi ma yana bin ɗan'uwansa, kuma babu wani magani da zai tsayar da shi. Aka ba shi na'urar ji, ya sa ta kwana biyu ya ce tana mai da ƙarar kekensa kamar ana ɓarin kwanuka, ya jefa ta cikin gwangwanin maɓallai. Da na gaya wa Auta abin da likita ya ce, sai ta ajiye dutsen guga ta ce, "Yaya, Baba fa bai taɓa jin waƙata ba."

Na ce, "To tashi ki je kunnensa na hagu ki rera masa mana. Wani abu ne mai wuya?"

Ashe mai wuya ne. Ta gwada a gabana. Baba ya tsayar da keke, ya juyo yana jira, Auta ta buɗe baki, sai murya ta maƙale kamar ta haɗiyi ƙashi. In keke na tafiya waƙa na zuba amma Baba ba ya jinta. In keke ya tsaya Baba zai iya ji amma waƙar ba ta fitowa. Baba ya gaji da jira ya ce, "In kuɗin mota take so ki ba ta," ya koma ɗinkinsa. Na yi dariya a lokacin, amma da na koma gida abin ya tsaya min a rai.

Wata ƙawarta ce ta ɗauke ta a waya tana waƙa a shagon, ta sa a intanet. Hoton ma ba kyau, rabin fuskarta ne da bayan Baba. Amma wani mai situdiyo ya gani ya nemo ta, ya ce zai yi mata albam. Dogon mutum ne mai sanyin magana, kalma ɗaya ce a bakinsa, har muka sa masa suna da ita: A-Sake. Mama ta ce ba za ta je wurin da ba a sani ba ita kaɗai, don haka ni na zama 'yar rakiya, da goyona da komai.

Ɗakin ɗaukar murya ƙarami ne, an lulluɓe bangonsa da soso, shiru kamar an toshe maka kunne da auduga. Auta ta shiga ta tsaya gaban makirfo, mu muna kallonta ta gilashi. A-Sake ya sa mata wani ƙif-ƙif na na'ura a kunne don ta bi, ta fara. Wallahi da ban san ta ba da na ce sanarwar cigiya take karantawa. Kalmomin duk suna nan, amma babu rai a ciki, kuma kowane layi sai ta yi tuntuɓe a ƙarshensa.

"A sake," in ji shi.

Aka sake. Aka kuma sakewa. Aka dawo washegari, aka dawo mako na gaba. Ya canza mata ganga, ya kashe fitila, ya ce ta zauna, ya ce ta cire takalmi. Ni har na fara jin haushinsa, na ce, "Malam, in ba ta iya ba ka faɗa mana mu tafi gida, ina da wanki." Ya ɗauko wayarsa ya kunna hoton nan na shago, ya kara a kunne, ya rufe ido. Can ya ce, "Mene ne wannan ke ƙara a bayanta?"

Na ce keken Baba ne.

"Ku kawo min shi," ya ce. "A kansa ta rubuta waƙoƙin nan duka. Ni kuma na raba ta da shi ina neman ta yi tafiya."

Auta ta fito tana kallonsa baki buɗe. Ita kanta ba ta sani ba.

Ni na yi wa Baba bayani, da ihu a kunnen hagu, har mai shagon kusa ya leƙo ya ga ko faɗa ake. Baba ya gane dai cewa za a kai kekensa wani wuri manyan mutane su ji shi. Ya shafa kan keken, ya ce mu ba shi kwana biyu. Mu kuma muka ɗauka ɗinkin mutane yake so ya gama.

Ranar da aka sauke keken a situdiyo sai ƙyalli yake. Ni na zauna a kai, tunda na iya tun ina yarinya, na ɗora ƙafa na taka. Sumul. Wani lallausan sauti kamar mage na barci. Babu ƙas ko ɗaya. Na leƙa ƙasa, sai ga sabuwar igiya fil, ga mai yana naso a kowace gaɓa. Baba ya kwance keken nan gaba ɗaya, ya wanke, ya ɗaure, ya gyara shi tsaf.

Auta ta gwada duk da haka. Tana zuwa inda ƙas ya kamata ya faɗo sai ta tsaya tana jira, kamar mai sauka daga bene da ya nemi matakala ya rasa. A karo na uku ta cire abin kunnen ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. "Shi ke nan, Yaya," ta ce. "Kafin in iya, kunnen ya tafi."

Raina ya ɓaci, ba kaɗan ba. Na bar ta can na nufi shago ina huci. Na tarar da Baba zaune gaban wurin da keke ya bari, yana jera zare. Na ce, "Baba, wa ya ce ka gyara shi?"

"Na'am?"

"WA YA CE KA GYARA SHI?"

Ya dube ni kamar na zare. "Ke yanzu so kike a kai kekena gaban mutane yana ɗingishi? Su ce tsohon tela ne bai iya kula da kayan aikinsa ba?"

Ya yi ne don ya fita kunyarmu. Na zauna a bencin Auta, fushin ya bi iska. Da ƙyar na fahimtar da shi cewa ɗingishin ake so. Ya daɗe yana girgiza kai, ya ce bai taɓa jin inda ake neman abu don lalacewarsa ba. Tsohuwar igiyar kuwa, ya ce ya ba Mama ta yar.

Allah ya sa Mama ba ta yar da komai. Matar da ke wanke leda ta shanya? Na same ta a gida, na tambaye ta, ta nuna min tagar kicin da cokali. Da igiyar ta ɗaure tagar da iska ke bugawa. Na kwance ta, tana min faɗan me za ta ɗaure da shi yanzu, na ce mata akwai sabuwa fil tana zuwa.

Baba ya ce babu wanda zai mayar wa kekensa igiya sai shi, kuma ni ƙafata nauyi gare ta tun ina ƙarama, shi ya sa nake karya masa allura. Da safe ya sa rigarsa ta zuwa unguwa ya biyo mu. Ya shiga situdiyon yana taɓa soson bango yana tambayar wa ya yi wannan ɓarnar katifa. Ya durƙusa ya mayar da tsohuwar igiya, ya ɗan matse wayar da haƙori. Sannan ya buɗe jakarsa ya zaro wandon wani mutum da bai gama ba.

A-Sake ya ce, "Baba, ba sai ka yi ɗinki ba, takawa kawai za ka yi."

Na isar masa da saƙon. Baba ya ce, "Ki gaya masa ni ba na taka keke babu komai a ƙarƙashin allura. Mai wandon nan jibi zai zo."

A-Sake ya yi murmushi ya ƙyale shi. Ya sa makirfo ɗaya a gindin keken, Auta kuma ya mai da ita wani ɗan lungu mai nata makirfon, inda take hango bayan Baba kamar a shago. Har zai koma mazauninsa sai ya tsaya, ya ɗauko abin kunne ya ɗora wa Baba a kai. Ya tambaye ni wane kunnen ne mai aiki, na ce hagu. Ya koma kan na'urarsa ya cire ƙarar keke daga abin da Baba zai ji, ya bar muryar Auta ita kaɗai, ya tura ta hagu, ya ɗaga ta har ƙarshe.

Baba ya ɗora ƙafa. Taka-taka-taka-ƙas. Na ga kafaɗun Auta sun sauka. Ta rufe ido, ta shiga, kuma a karon farko a ɗakin nan na ji ƙanwata. Waƙar wata yarinya ce da ke zaune kusa da babanta tana ba shi labarin duk abin da ke ranta, shi kuma yana ta aikinsa. Ban san lokacin da na fara hawaye ba, ni da na ce ba mawaƙiya ba ce.

Ana tsakiyar waƙa keken ya tsaya cak. Baba ya dafe abin kunnen da hannu biyu, ya waiga. Auta ta katse waƙar, duk ta tsorata.

"Ke ce?" ya ce, da ƙarfi, irin maganar wanda ba ya jin kansa.

Ta gyaɗa kai.

"Duk shekarun nan da nake ganin bakinki na motsi, wannan kike yi? Ni na ɗauka cingam kike tauna!"

A-Sake ya kifa kansa a kan na'ura yana dariya. Ni ina dariya ina kuka, goyona ya farka shi ma ya kama nasa. Baba ya cire tabarau ya goge ido da wandon mutane, ya mayar. Ya ce, "To me kika tsaya yi? Ɗauko daga farko, ban ji farkon da kyau ba." Wannan karon ba A-Sake ne ya ce a sake ba.

Haka aka ɗauki albam ɗin duka, Baba yana zuwa da ɗinkinsa kullum. Daga baya A-Sake ya ɗora jita da ɗan abin busa a sama, amma keken ne ƙashin bayan kowace waƙa. Da albam ɗin ya fito, mun zaci 'yan uwa ne kawai za su saurara. Sai na ji shi a motar haya, direba yana buga sitiyari daidai inda ƙas ke faɗowa. Sai a shagon gyaran gashi, sai a rediyo. Teloli suka riƙa ɗaukar kansu a waya suna taka kekunansu suna bin waƙar. Wani ma ya zo takanas ya roƙi Baba ya koya masa yadda ake sa igiya ta yi ƙarar nan, Baba ya kore shi. Auta yanzu sai an yi da gaske ake ganinta, yau tana nan gobe an kira ta can, amma in ta dawo bencinta take nufa, kuma har yau Mama na aikenta sayen gishiri.

Kunnen hagun ya ƙarasa tafiya kafin shekara ta zagayo, kamar yadda likita ya faɗa. Mun yi baƙin ciki, ba zan ɓoye ba. Amma waƙoƙin duk sun riga sun shiga kafin ƙofar ta rufe, babu wadda bai ji ba, wasu ma har ya haddace.

Rannan na biya shagon da rana na tarar da su, shi a kan keke, ita a gefensa tana sa maɓalli, bakinta na motsi. Baba ya saci kallonta ta saman tabarau, ya ɗan rage gudun ƙafarsa.

"Wannan waƙarki ta ruwan sama ce," ya ce. "Kin cika sauri. Bari in riƙe miki kiɗan."